Digiri na biyu a fannin tsara baje kolin fasahar zamani: yadda ake shiga da abin da ke jiran ɗalibi a ciki

Idan ka shiga zauren baje kolin fasaha ka tarar da zane-zane rataye a bango, bidiyo na tafiya a wani ɗaki mai duhu, ga kuma wani sassaƙe a tsakiyar fili yadda dole sai ka zagaye shi kafin ka wuce, to ba haka kawai abubuwan suka tsinci kansu a wurin ba. Akwai wanda ya zaɓi masu fasahar, ya aro ayyukan daga hannun masu su, ya nemo kuɗi, ya yanke shawarar abin da ido zai fara sauka a kai da abin da za a gani a ƙarshe, ya kuma rubuta 'yan layukan da ke liƙe a gefen kowane aiki. Shi ne mai tsara baje koli. A yau sana'ar tana da makarantunta da digirinta na biyu, kuma wannan jagora na wanda yake tunanin shiga ne.

Karatun bai daɗe a duniya ba. A da, galibi ma'aikacin gidan adana fasaha masanin tarihin zane ne da ke kula da abin da aka tara. Abin ya soma canzawa a ƙarshen shekarun 1960. A 1969 Harald Szeemann ya shirya baje kolin When Attitudes Become Form a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda ya gayyato masu fasaha su zo su yi ayyukansu a cikin zauren, har ɗaya daga cikinsu, Michael Heizer, ya farfasa daɓen da ke gaban ginin. An yi ta ce-ce-ku-ce, Szeemann ya bar kujerarsa ta shugaban zauren ya koma cin gashin kansa, kuma tun daga lokacin aka fara kallon mai tsara baje koli a matsayin mai ra'ayi da sa hannu, kamar marubuci. Makarantu sun biyo baya daga baya: École du Magasin a Grenoble ta Faransa a 1987, kwas ɗin Royal College of Art na Landan a 1992, sai De Appel a Amsterdam da digirin Kwalejin Bard a jihar New York, duka biyun a 1994.

Da farko: ka tabbata kana bukatar digirin

Manyan da ake ambata a fannin da yawa ba su yi wannan karatu ba. Okwui Enwezor, wanda ya jagoranci Documenta, babban baje kolin fasahar zamani na Jamus, karo na 11 a 2002 da babban baje kolin Venis a 2015, kimiyyar siyasa ya karanta. Bonaventure Soh Bejeng Ndikung, wanda ya kafa cibiyar fasaha ta SAVVY Contemporary a Berlin a 2009, digirin digirgir ɗinsa a fannin kimiyyar halittu yake. Hans Ulrich Obrist kuwa yana ɗalibin tattalin arziki ya shirya baje kolinsa na farko a 1991, a cikin kicin ɗin gidan da yake zaune a St. Gallen ta Suwizalan.

Amma kada a ruɗe ka da waɗannan labarai. Sun shigo ne lokacin da makarantun ba su da yawa, ƙofa kuma ba ta cika ba. Yau idan ka duba tallan aikin mataimakin mai tsara baje koli a babban gidan adana fasaha, sau da yawa za ka ga an rubuta digiri na biyu a cikin sharuɗɗa. Saboda haka amsar tana ga inda ka dosa. Idan burinka ka buɗe ƙaramin wuri naka kai da abokanka, ko kana da aiki a wata cibiya kana son ƙarin gogewa, gajeren horo zai iya isarka. Idan kuwa kana son aiki a manyan gidajen adana fasaha, ko koyarwa a jami'a, ko ka wuce zuwa digirin digirgir, digirin zai yi maka rana.

A ganina abu uku karatun ke bayarwa waɗanda suke da wuyar samu a waje: lokacin yin karatu mai zurfi ba tare da hayaniyar neman na yau ba, damar taɓa ayyukan fasaha na gaske a ƙarƙashin idon ƙwararru, da kuma abokan aji waɗanda nan da shekara goma su ne za su riƙe cibiyoyi a ƙasashe daban-daban. Duk makarantar da ba za ta ba ka aƙalla biyu daga ciki ba, kada ka ɓata kuɗinka.

Ka shirya baje koli tun kafin ka nemi gurbi

Wannan shi ne matakin da masu nema suka fi tsallakewa, alhali shi ya fi kowanne nauyi. Masu tantancewa suna karanta takardu masu yawa na mutanen da ke cewa suna ƙaunar fasaha. Abin da ke sa su dakata shi ne wanda ya riga ya yi wani abu, komai ƙanƙantarsa. Masu fasaha uku a wani ɗakin da aka ara na mako ɗaya ya isa. Nuna gajerun finafinan gwaji da dare ɗaya, sannan a zauna a tattauna, shi ma ya isa. Abin nema shi ne ka iya faɗin dalilin da ya sa ka haɗa waɗannan ayyuka wuri guda, da abin da ka gano bayan ka gan su kusa da juna wanda ba ka hango ba a takarda.

Ka ɗauki hotuna masu kyau. Hoton zauren ba kowa a ciki, da hasken da ya dace, daga kusurwoyi biyu ko uku, sannan hoton kowane aiki shi kaɗai. Hotunan daren buɗewa da mutane riƙe da kofuna ba su nuna yadda ka tsara wuri. Ka adana takardar sanarwa, da rubutun bango, da ɗan kasafin da ka yi amfani da shi.

Tare da wannan, ka fara ziyartar masu fasaha a ɗakunan aikinsu. Ziyarar tana da ladubba: ka nemi izini tun da wuri, ka duba ayyukansu na baya kafin ka je, ka fi yin sauraro a kan magana, kada ka ɗauki hoto sai an yarje maka, kuma kada ka yi alkawarin baje kolin da ba ka da ikon cikawa. Bayan ka fito ka zauna ka rubuta shafi ɗaya kan abin da ka gani. Wannan rubutu shi zai koya maka bayyana aiki kafin ka yi masa fassara, kuma daga cikinsa za ka ciro samfurin rubutun da makaranta za ta nema.

Zaɓen makaranta

Sunan kwas ɗin kan yi kama a ko'ina, cikinsa ne ya bambanta. A Bard shekara biyu ake yi, akwai gidan adana fasaha na Hessel da aka buɗe a 2006 a cikin cibiyar, kuma ɗalibi kan kammala da aikin baje kolinsa na kansa tare da rubutaccen bincike. A Royal College of Art an fi karkata ga aikin rukuni, inda ɗalibai ke haɗa kai da wata cibiya ta waje su fitar da aiki tare. Goldsmiths, ita ma a Landan, an san ta da nauyin muhawara da nazari, yayin da cibiyar Courtauld ta Landan ta fi kusa da tarihin fasaha da aikin gidan adana kaya. Shirin da aka san De Appel da shi tsawon shekaru ba na digiri ba ne: 'yan mutane kaɗan ta riƙa ɗauka na kusan wata goma, su yi tafiye-tafiyen bincike, su shirya aiki ɗaya tare. Haka shirin nazari mai zaman kansa na gidan adana fasaha na Whitney a New York, wanda aka kafa tun 1968, ba digiri a cikinsa amma sunansa na buɗe ƙofofi.

Akwai kuma gajerun horo masu daraja. Ƙungiyar Independent Curators International, wadda aka kafa a 1975, tana shirya horon 'yan kwanaki a birane daban-daban tun 2010. Marigayiya Bisi Silva, wadda ta kafa cibiyar fasahar zamani ta Legas a 2007, ta fara shirin Àsìkò a 2010, wanda ya zagaya Accra da Dakar da Maputo da Addis Ababa. Marigayiya Koyo Kouoh ta kafa cibiyar fasaha ta RAW Material Company a Dakar a 2008, daga bisani ta ƙara da shirin horo na RAW Académie a 2016. Mutane da yawa sun fara da irin waɗannan kafin su yanke shawarar ko za su yi digiri.

Shafin makaranta a intanet ba zai faɗa maka abin da kake bukatar sani ba, don an rubuta shi ne domin talla. Ka nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku da suka gama kwanan nan ka tambaye su kai tsaye. Ɗalibai nawa ne a aji? Goma sha biyar da sittin ba ɗaya ba ne idan ana maganar samun lokacin malami. Manyan sunayen da ke jerin malamai, da gaske suna koyarwa, ko sau ɗaya suke leƙowa a shekara? Baje kolin ƙarshe na mutum ɗaya ne ko na rukuni, wa ke biyan kuɗinsa, kuma a wane zaure ake yi? Makarantar ce ke nema wa ɗalibi wurin koyon aiki, ko shi zai yi ta buga-buga? Waɗanda suka gama shekara biyar da suka wuce, ina suke yanzu? Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran tona asiri.

Ka kuma duba jerin abubuwan da ake karantawa. Idan tarihin fasahar da suke koyarwa ya fara daga Paris ya ƙare a New York, kai kuma bincikenka a kan masu fasahar Afirka ne ko Asiya ko Kudancin Amurka, za ka shafe lokacinka kana koyar da malamanka da kuɗinka.

Takardun nema

Galibi ana bukatar sakamakon digiri na farko, takardar tarihin aiki, wasiƙun shaida biyu ko uku, samfurin rubutu, takardar bayyana manufa, wasu kuma su ƙara da shawarar baje kolin da kake son yi. Ba dole ba ne digirinka na farko ya kasance na fasaha. Wanda ya karanta zanen gine-gine ko adabi ko aikin jarida ko shari'a yana da abin da zai kawo, in dai ya nuna ya daɗe yana kallon fasaha da idon basira.

A takardar manufa kada ka fara da labarin yadda kake son zane tun kana yaro. Ka fara da tambayar da ke damunka yanzu. Misali, yaya ake nuna aikin da aka yi da sauti kaɗai a zauren da aka gina don ido? Ko wa ke da haƙƙin nuna tsofaffin hotunan mutanen da ba a taɓa neman izininsu ba? Ka ambaci baje koli ɗaya ko biyu da ka gani da idonka, ka faɗi abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba. Sannan ka nuna dalilin zaɓen wannan makaranta musamman: wane malami, wane tarin ayyuka, wane ɗakin ajiye takardu. Takardar da za a iya aika wa makarantu biyar ba a canza komai ba sai suna, masu karatu suna gane ta tun daga layi na uku.

Shawarar baje koli kuwa ta zama mai yiwuwa. Mai nema da ya jero manyan sunaye ashirin na duniya ya nuna bai san yadda aro da inshora suke ba. Masu fasaha huɗu zuwa shida, takamaiman ayyuka da sunayensu da shekarunsu da girmansu, irin zauren da kake hange, da sakin layi biyu kan abin da ya haɗa su, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Idan karatun da Turanci ne, za a iya neman jarrabawar IELTS ko TOEFL, kuma kwasa-kwasan da ke da rubutu da yawa kan nemi maki 6.5 zuwa 7 a IELTS. Masu rubuta maka shaida ka ba su aƙalla wata guda, ka haɗa musu da takardar manufarka don su san abin da za su ƙarfafa. Shaidar mai fasahar da ka yi aiki da shi, wanda zai ce ka cika alkawari ka kuma dawo masa da aikinsa lafiya, ta fi ta babban farfesan da bai tuna fuskarka ba.

Idan aka kira ka ganawa, kusan tabbas za a tambaye ka baje kolin da ka gani kwanan nan da ra'ayinka a kai. Ka je da amsar da ke da suka a ciki, ba yabo zalla ba.

Kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya: neman tallafi yakan rufe tun kafin makarantu su gama karɓar takardu, don haka ka fara shiri shekara guda kafin lokacin da kake son shiga aji. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, kan buɗe a watan Agusta, tana neman gogewar aiki ta shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, tana ɗaukar nauyin digirin shekara ɗaya ne, kuma da sharaɗin ka koma ƙasarka na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai Fulbright na Amurka, DAAD na Jamus, tallafin Commonwealth, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Makarantun da kansu suna da rangwame, wani lokaci sai ka tambaya za a faɗa maka.

Wajen lissafi kada ka tsaya a kuɗin makaranta. Da yawa daga biranen da waɗannan makarantu suke suna cikin mafiya tsada a duniya, karatun kuma yana tafe da tafiye-tafiyen ganin baje koli. Albashin farko a wannan sana'a ƙarami ne. Cin bashi mai nauyi domin wannan digiri, a ra'ayina, ganganci ne, gara a jinkirta shekara guda a sake neman tallafi.

Abin da ake karantawa

Rabin karatun a ɗakin muhawara ake yinsa, kuma kashin bayansa shi ne tarihin baje koli, wato nazarin yadda aka nuna ayyuka a baya da abin da nunin ya haifar. Za ka ji labarin baje kolin Venis da aka fara a 1895, da Documenta da Arnold Bode ya kafa a Kassel a 1955 wadda yanzu ake yi duk shekara biyar, da na Dakar da na hotuna na Bamako.

Misali ɗaya ya isa ya nuna irin kallon da ake koyarwa. A 1984 MoMA, gidan adana fasahar zamani na New York, ya jera ayyukan su Picasso kusa da sassaƙe-sassaƙen Afirka da tsibiran Pasifik, aka yi ta sukarsa da cewa ya mayar da na biyun kayan ƙawata labarin na farkon. A 1989 Jean-Hubert Martin ya shirya Magiciens de la Terre a Paris a matsayin amsa: masu fasaha ɗari, rabi daga ƙasashen Yamma, rabi daga sauran duniya, kowa da sunansa. Amma a zauren La Villette, ɗaya daga wuraren baje kolin, an sa wani ƙaton da'irar laka na Richard Long, ɗan Ingila, a jikin bango, a ƙarƙashinsa kuma, a ƙasa, zanen da 'yan asalin Ostireliya na al'ummar Yuendumu suka yi. Hoton wannan kusurwa har yau ana muhawara a kansa a azuzuwa: haɗuwar tsara da tsara ce, ko ɗaya ya hau kan ɗaya? Kowane aiki a wurin da ya dace da shi yake, na bango a bango, na ƙasa a ƙasa, amma ido ya karanta wani abu dabam. Darasin da ɗalibi ke ɗauka shi ne cewa inda ka ajiye aiki magana ce, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba.

Haka za a tattauna alhakin da ke wuyan mai tsarawa. A Documenta ta 15 a 2022, wadda ƙungiyar ruangrupa ta Indonesiya ta jagoranta, an sauke wani ƙaton zane kwanaki kaɗan da buɗewa saboda siffofin ƙyamar Yahudawa da aka gano a ciki, shugabar gudanarwar kuma ta sauka daga muƙaminta. Tambayar da ta rage ita ce wa ya kamata ya duba kowane lungu na aikin kafin a ɗaga shi.

Gargaɗi ɗaya kan karatun nazari: yana da daɗi, yana kuma da tarko. Bayan wata uku ɗalibai kan fara rubutu da wasu manyan kalmomi da su kansu ba za su iya warware su ba. Ka riƙa gwada kanka: in ba za ka iya bayyana manufar baje kolinka ga wanda bai taɓa shiga zauren fasaha ba cikin minti biyu, kai ma ba ka gama fahimtarta ba.

Aikin hannu, inda ake gane na ƙwarai

Ɗaya rabin shi ne wanda ba a cika yi masa talla ba, kuma shi ke sa a ɗauki mutum aiki. Ka manne wa ma'aikatan rajista, masu kula da takardun shiga da fitar ayyuka, da masu rataye ayyuka da masu gyaran kayan fasaha, ka koyi duk abin da za su koya maka.

Aro shi ne farko. Manyan gidaje kan so a rubuto musu wata shida zuwa shekara guda kafin buɗewa. Za su nemi rahoton ginin da za a kai aikin: tsaro, kashe gobara, zafi da laima, ƙofar shigar da kaya. Takardar aro za ta faɗi darajar aikin, da wanda zai biya inshora tun daga saukar da shi daga bangon mai shi har a mayar, da yadda za a rubuta sunan mai shi a bango. Idan aikin zai tsallaka iyaka akwai takardun kwastam, wani lokaci kuma mai aikin zai turo ɗan rakiya ya biyo akwatin ƙafa da ƙafa.

Idan akwati ya iso ba a buɗe shi nan take. Ana barinsa kamar sa'o'i 24 a zauren ya saba da yanayin wurin. Ranar buɗewa za ka ga mai gyara ta sa safar hannu, ta kwantar da zanen a kan teburi mai laushi, ta ɗauki ƙaramar tocila ta haska shi daga gefe, ba daga gaba ba, don hasken gefe ne ke fito da ɗan tsagewar fenti ko kumburi ko ƙarcen da ido bai gani. Duk abin da ta gani sai ta yi masa alama a kan hoton aikin, ta gwada da rahoton da ya zo da shi daga wurin mai shi, sannan ɓangarori biyu su sa hannu. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama ranar mayarwa, idan aka ce ƙarcen da ke kusurwar hagu a hannunka ya faru.

Haske ma da ƙa'idarsa. Ayyukan takarda da yadi da tsofaffin hotuna ba a so hasken da ke kansu ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), don haske na cinye launi kuma ba ya dawowa. Zanen fentin mai kan ɗauki 150 zuwa 200. Laima an saba riƙe ta kusa da kashi 50 cikin ɗari, zafi kuma kusa da digiri 20 a ma'aunin Celsius, ko da yake tun 2015 manyan gidaje da dama sun amince da faɗaɗa iyakar zuwa kashi 40 zuwa 60 don rage cin wuta. Abin da ke lalata aiki shi ne hawa da saukar yanayi farat ɗaya. Wajen ratayewa, yawanci ana daidaita tsakiyar zane a kusan santimita 150 daga ƙasa. Bidiyo kuma nasa ciwon kan dabam ne: sautin wani ɗaki na kwarara cikin wani, furojekta na bukatar nisa, kuma dole a samu wanda zai kunna ya kashe kullum.

Baje kolin kammalawa

Ka fara da masu fasaha da ayyukansu, ka bar jigo ya fito daga cikinsu. Ɗalibin da ya ƙirƙiri jigo tukuna sannan ya fita neman ayyukan da za su zama masa hujja yakan ƙare da zauren da ya yi kama da maƙalar da aka rataye a bango. Ka yi ƙaramin samfurin zauren da kwali, ka yanka hotunan ayyukan daidai gwargwado, ka yi ta matsar da su. Duk da haka ka bar wa ranar ratayewa sarari, domin gani ya kori ji: ayyuka biyu da suka dace a kwali za su iya yin faɗa a bango. Kuma kusan kullum cire aiki ɗaya ya fi ƙara ɗaya amfani.

A kasafi ka sa ladan masu fasaha a layin farko, ba a abin da ya rage ba. Cewa nuna aikinsu ma talla ce gare su tsohuwar dabarar cin gumin mutane ce, kuma don yaƙar ta aka kafa W.A.G.E., ƙungiyar neman a biya masu fasaha ladan aikinsu, a New York a 2008. Sufuri da inshora za su ci fiye da yadda ka zata. Ka ware kamar kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana. Duk yarjejeniya da mai fasaha, ko abokinka ne, a rubuta ta: wa zai biya kayan aiki, na wa ne aikin bayan an gama, wa ke da izinin amfani da hotunansa.

Rubutun gefen aiki gajere ne, kalma hamsin zuwa tamanin, don a tsaye ake karanta shi. Ka fara da abin da mai kallo ke gani a gabansa, ka ba shi bayani ɗaya da ba zai iya sani da kansa ba, kamar inda aka samo kayan da aka yi aikin da su, sannan ka tsaya. Kada ka faɗa masa abin da zai ji a ransa. Ka tura wa mai fasahar ya duba kafin a buga, ka kuma sake duba harafin kowane suna.

Idan aikin na rukuni ne, ku raba nauyi a rubuce tun makon farko, ku kuma amince da yadda za a yanke hukunci idan ra'ayi ya rabu. Yawancin rigimar ɗalibai ba a kan fasaha take tashi ba, a kan wanda bai amsa saƙon mai ba da aro ba ne.

Daren buɗewa ba shi ne ƙarshe ba. Akwai zagayawa da baƙi, da tattaunawa da masu fasaha, da ɗaukar hotunan zauren da ƙwararren mai hoto tun kafin wani abu ya motsa. Bayan rufewa sai saukewa: a sake duba kowane aiki da tocila, a sa hannu, a mayar da shi cikin akwatinsa yadda ya zo, a biya kowa haƙƙinsa, a rubuta wasiƙar godiya ga duk wanda ya ba da aro.

Bayan an karɓi takarda

Aikin farko da wuya ya zo da sunan mai tsara baje koli. Zai iya zama mataimaki, ko mai kula da shirye-shiryen jama'a, ko mai bincike a wani babban baje koli na wucin gadi, ko aiki a galarin sayar da zane, ko a ɗakin aikin wani babban mai fasaha. Tun ana saura wata shida ka gama ka fara nema, ka kuma san dokar bizarka: a Amurka, misali, ɗalibin waje kan samu izinin aikin wata 12 a fannin da ya karanta, sauran ƙasashe kuma dokokinsu na yawan canzawa, sai a duba shafin hukuma. Ƙungiyoyin ma'aikatan gidajen adana kaya na duniya irin su ICOM da CIMAM suna da taruka da tallafin tafiya ga matasan ma'aikata. Ka haɗa kundin ayyukanka cikin fayil ɗaya da bai wuce shafi goma sha biyar ba, hotuna a gaba, bayani kaɗan, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da ka rufe wani baje koli.